Bindigar Gado: Abin da Doka Ta Tanada Idan Mai Lasisi Ya Rasu

A gidajen maharba da na tsofaffin sojoji da gidajen sarauta, ba abin mamaki ba ne a tarar da bindiga cikin kayan mamaci. Wata tana rataye a bangon turaka cikin jakar fata, wata an naɗe ta a buhu an tura ƙarƙashin gado. Ana cikin karɓar gaisuwa ba mai tunawa da ita, sai ranar da aka zauna lissafin gado babban wa ya ce, "Ai ta Baba ce, ni zan riƙe ta." Nan ne matsalar take, domin gadon bindiga daban, izinin riƙe ta daban.

A Najeriya dokar da ke kula da wannan ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita. Tsarin Mulki na 1999 ya sa sha'anin makamai cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Saboda haka alƙalin kotun Shari'a yana da hurumin cewa bindigar ta faɗa rabon wane, amma ba shi da ikon ba shi izinin ajiye ta. Lasisi kuwa na mutum ɗaya ne, da sunansa aka rubuta, ba ya bin jini.

Abin da ya fi damuna shi ne wa'adin. Sashe na 7 na dokar ya ce idan mai lasisi ya rasu, wanda kayan mamacin ke hannunsa bisa ƙa'ida, ko wanda aka yi wa wasiyyar bindigar, zai iya riƙe ta da harsasanta na kwana 14 kacal daga ranar rasuwar. A duba yadda muke zaman makoki: sadakar uku, ta bakwai, sannan arba'in, rabon gado kuma sai ya kai watanni. Kafin a yi arba'in wa'adin ya daɗe da cika, kuma wanda bindigar ke ɗakinsa ya zama mai riƙe da makami ba izini, ko da bai taɓa ɗora yatsa a kunamarta ba. Dokar ta kuma ba 'yan sanda damar karɓar bindigar su ajiye a ma'ajiyar makamai ta gwamnati har sai an ba wani lasisinta.

Wannan sassaucin ma na bindigar da marigayin ke da takardarta ne. Idan dama ba shi da lasisi, babu kwana ko ɗaya da aka yafe wa magada.

Nauyin laifin ya danganta da irin bindigar, don doka ta kasa su gida uku. Na farko su ne haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa: bindigogi masu sarrafa kansu, bindigogin soja irin su .303 da masu cin harsashi 7.62, da duk wata ƙaramar bindigar hannu. A lura da wannan na ƙarshe, domin har tsohuwar fistol mai ƙanƙara da aka gada kaka da kakanni tana cikin wannan aji, tsufanta bai fid da ita ba. Haka bindigar da wani dattijo ya dawo da ita daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Hukuncin riƙe irin waɗannan ɗaurin shekara 10 ne mafi ƙaranci. Na biyu su ne na amfanin kai, kamar mai baki biyu ta farauta da bindigar iska, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, ɗaurin kuma zai iya kaiwa shekara 5. Na uku su ne na ɗuri ta baki, wato bindigar toka da 'yan bindigar sarki ke bugawa a hawan salla. Su an bar wa Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ya hana riƙe su sai da lasisi, don haka sai a tambayi yadda abin yake a jihar da ake. Akwai kuma dokar fashi da makami ta 1984, wadda ita ma ta tanadi hukunci mai tsanani kan mallakar bindiga ba bisa ƙa'ida ba, kuma masu gabatar da ƙara kan yi amfani da ita.

Magajin da ke son bindigar ta zauna a gida sai ya nemi lasisi da sunansa, kuma ba dole ne a ba shi ba. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. A 2023 ma Muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi, don haka kada a ɗauka abu ne na sha yanzu magani yanzu. Idan ba wanda ya cancanta, a yi wa bindigar kuɗi a saka cikin rabo, amma a sayar ta hannun dilan da ke da rajista. Miƙa wa wani abokin farautar marigayi ba takarda laifi ne a kan mai bayarwa da mai karɓa.

A ganina kwana 14 ya yi kaɗan ga gidan da ke cikin jimami, ya kamata majalisa ta tsawaita shi. Kafin a yi haka, a wakilta mutum ɗaya tun kafin sadakar bakwai ya je ofishin 'yan sanda da lasisin marigayin da shaidar rasuwa. Kada ya saɓa bindigar ya bi titi da ita, ya fara sanarwa tukuna su faɗa masa yadda za a kawo. In an karɓa, ya tabbatar an ba shi takardar shaida mai ɗauke da lambar jikin bindigar da yawan harsasan. Wadda ba ta da lasisi tun asali kuwa, a nemi lauya ya shige gaba, a tafi tare da mai unguwa.