Haƙƙin majinyaci na a yi masa bayani da harshen da yake ji

Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a shekarar 2014, ta ɗora wa likitoci da ma'aikatan jinya wani nauyi da marasa lafiya da yawa suke ɗauka alfarma ce ake yi musu. Sashe na 23 ya wajabta a sanar da majinyaci halin da lafiyarsa take ciki, da gwaje-gwaje da hanyoyin maganin da ake da su, da amfanin kowace hanya da haɗarinta da kuɗinta, sannan a gaya masa cewa yana da ikon ƙin amincewa, tare da abin da ƙin zai iya jawo masa. Ba a ɓoye masa cutarsa sai idan akwai ƙwaƙƙwarar hujja cewa sanin zai cutar da shi.

Sashen ya ƙara da cewa a yi bayanin da harshen da majinyaci yake fahimta, a kuma duba ko ya iya karatu. A ganina nan ne dokar ta fi nauyi ga masu ciwon da ba ya warkewa, irin su ciwon sukari da hawan jini da sikila, domin su da kansu suke jinyar kansu a gida. Dattijon da aka miƙa wa allurar insulin da takarda cike da Turanci bai samu haƙƙinsa ba, matuƙar ba a nuna masa yadda zai auna ta ba, da alamomin faɗuwar sukari irin su rawar jiki da gumi, da yadda zai sauya lokacin magani idan azumin Ramadan ya zo, da kuma abin da tuwo da kunu mai sukari suke yi wa jininsa.

Sai dai dokar ta ce a yi haka ne "inda zai yiwu", kuma wannan ƙofa ce mai faɗi. Idan likita ba ya jin Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, galibi ɗan rakiya ne yake zama tafinta, alhali sashe na 26 ya ce bayanin lafiyar mutum sirrinsa ne. Matar da ɗanta yake fassara mata, kunya ba za ta bari ta ambaci ciwon mara ba, don haka ya fi dacewa ta nemi a kira mata ma'aikaciyar jinya mai jin harshenta.