Hauren giwa: a sayar ko a niƙe?

A watan Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta niƙe hauren giwa kimanin tan biyu da rabi a Abuja, dukkansa an ƙwace shi ne a hannun 'yan fasa-ƙwauri. Wasu suka ce wannan ai asara ce, me ya hana a sayar a zuba kuɗin a gandun daji? Tambayar ba ta wauta ba ce, domin ita ce gardamar da ta raba kan ƙasashen Afirka fiye da shekara talatin.

Wa ya haramta cinikin haure?

Yarjejeniyar CITES ce, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973, ta fara aiki a 1975. Ta kasa dabbobi da tsirrai rukuni uku. Na rukunin farko ba a cinikinsu tsakanin ƙasa da ƙasa. Na biyu ana yi, amma sai da takardar izini da hujjar cewa cinikin ba zai ƙarar da jinsin ba. A 1989 aka sa giwar Afirka a rukunin farko, kuma da dalili: a 1979 an ƙiyasta giwayen nahiyar sun kai miliyan 1.3, shekara goma bayan nan saura kimanin dubu 600.

To me ya sa wasu ƙasashen Afirka ba sa son haramcin?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Botsuwana kaɗai tana da giwaye wajen dubu 130. Wanda yake kallon giwa a talabijin abin sha'awa yake gani, amma manomin da garke ya shigar masa gona da dare, gari ya waye ya tarar da dawarsa kwance, an tattake rumbu, an fasa bututun ruwa, shi ba sha'awa yake gani ba. Botsuwana da Namibiya da Zimbabuwe suna cewa rumbunansu cike suke da hauren giwayen da suka mutu da kansu ko aka ƙwace, a bar su su sayar su biya masu gadin daji, su rage wa manoma asara. A 2024, da Jamus ta fara maganar tsaurara shigo da kayan farauta, shugaban Botsuwana na lokacin, Mokgweetsi Masisi, ya ce zai aika musu giwa dubu 20 su zauna da su su ji yadda abin yake.

An taɓa gwada sayarwar kuwa?

Sau biyu, da izinin CITES. A 1999 an sayar wa Japan kimanin tan 50, a 2008 kuma aka sayar wa Sin da Japan sama da tan 100. Abin da ya biyo bayan na biyun bai yi daɗi ba: tsakanin 2010 da 2012 an kashe giwaye kimanin dubu 100. Masana har yau suna ja-in-ja kan ko cinikin ne ya jawo haka, ko kuwa arzikin da ya bunƙasa a Sin. Ni dai a ganina, da zarar haure ya halatta a shago, na sata ya sami inuwar fakewa, domin bayan an sassaƙa shi ya zama awarwaro ko tambarin sa hannu, mai saye ba shi da hanyar gane wanne ne na halal. Ita kanta Sin ta rufe kasuwar haurenta a ƙarshen 2017.

Ke nan duk ciniki da namun daji ɓarna ne?

A'a. A tsaunukan Andis na Kudancin Amurka akwai bikunya, wata dabba dangin raƙumi, marar tozo, mai gashi mai tsadar gaske. A shekarun 1960 saura 'yan dubbai. Aka hana kashe ta, daga baya aka ba mutanen ƙauyuka izinin su kewaye garke, su yi wa dabbobin aski, su sake su, su sayar da gashin. Yau sun haura dubu 300, don mai kuɗin askin shi ne ya zama mai gadi. Giwa ba ta askuwa. Wajen kashi ɗaya cikin uku na haurenta a cikin ƙoƙon kai yake, mai son sa duka sai ya kashe ta. Ga shi kuma tana ɗaukar ciki wata 22, sai ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake haihuwa. Kasuwa ba ta jiran wannan nawa.

Mu a Najeriya ina muka tsaya?

Giwayenmu 'yan ɗaruruwa ne kawai suka rage, kimanin ɗari daga ciki a Yankari ta jihar Bauchi. Yawancin hauren da kwastan ke kamawa ba na gida ba ne, daga dazuzzukan Afirka ta Tsakiya ake kwaso shi a bi da shi ta tashar jirgin ruwa ta Legas zuwa Asiya. Da an sayar da na Abuja, da an tallata wa ɓarayi hajarsu ne. A ƙauyukan da ke kewaye da Yankari kuwa, an ɗauki wasu mazauna aikin sa ido: idan garke ya doshi gonaki, su buga waya ga ma'aikatan gandun, a fito a kora shi daji kafin ya taɓa amfanin gona.