Tarar Medicare a Amurka: ba sau ɗaya ake biyanta ba

Maganganu biyu ke yawo a bakin 'yan uwanmu mazauna Amurka kan Medicare, inshorar lafiyar da gwamnatin tarayya ta kafa a 1965. Wasu na cewa da mutum ya cika shekara 65 magani ya zama kyauta. Wasu kuma sun ce wanda ya makara wajen rajista ya rasa ke nan har abada. Ko ɗaya ba haka yake ba.

Shirin na masu shekara 65 ne zuwa sama, da naƙasassun da suka yi wata 24 suna karɓar tallafin naƙasa. Sashen A, na kwanciya asibiti, babu kuɗin wata ga wanda ya yi aiki shekara 10 ana cire masa harajin shirin. Sashen B kuwa, na ganin likita da gwaje-gwaje, biya ake yi: dala 185 duk wata a 2025.

A Sashen B ɗin nan gizo ke saƙa. An ba mutum wata bakwai ya yi rajista: uku kafin watan da zai cika 65, watan kansa, da uku bayansa. In ya wuce, ƙofa ba ta rufe ba, ana sake buɗewa daga Janairu zuwa ƙarshen Maris kowace shekara. Sai dai duk cikakkiyar shekarar da ya yi jinkiri, za a ɗora masa tarar kashi 10 cikin ɗari a kan kuɗin wata, kuma ƙarin nan yana nan duk wata muddin yana cikin Sashen B. Wanda ya makara shekara uku, a farashin 2025 ƙarin dala 55 da rabi ke kansa kowane wata. Wanda har yanzu yake aiki da inshorar wurin aiki tarar ba ta hau shi ba, amma yana da wata takwas kacal na yin rajista bayan ya ajiye aikin.

Hujjar gwamnati ita ce kada mutane su jira sai ciwo ya kama su kafin su shiga. Na fahimci wannan. Amma dubi dattijon da ya yi ritaya ya koma Kano ko Kumasi: Medicare ba ta biya masa ko ƙwayar magani a can, sai ya daina biyan Sashen B. Ciwon suga ya dawo da shi bayan shekara huɗu, ya tarar da ƙarin kashi 40 yana jiransa. Wannan kam akwai tsauri.

Mai ƙaramin ƙarfi ya nufi ofishin Medicaid na jiharsa, wato shirin gwamnati na tallafin lafiya ga marasa hali. In ya cancanta, jiha ce ke biya masa kuɗin wata, tarar ma ta sauka daga kansa.