Infoman 'yan sanda: wane ne shi, kuma ina kariyarsa ta tsaya?

A Zamfara da Katsina da Sakkwato, da an ce infoma, hankalin mutane na tafiya kan ɗan gari da ke tsegunta wa 'yan bindiga wanda ya sayar da shanu ko wanda ɗansa ya turo kuɗi. Amma su ma 'yan sanda suna da irin nasu, kuma a duk duniya haka aikin yake tafiya.

Infoman 'yan sanda mutum ne da ke ba su bayanan sirri a kai a kai don a saka masa da wani abu. Ya bambanta da shaida, wanda ke tsayawa gaban alƙali da sunansa. Ya kuma bambanta da mai fallasa almundahana, irin wanda Ma'aikatar Kuɗi ta Najeriya ta fito wa da tsarin tukuici a Disambar 2016. Shi infoma galibi ɗan hannu ne: ɓarawo, dillalin ƙwaya, ko mai sayen kayan sata. An kama shi, sai aka ce masa zaɓi ya rage nasa, ko gidan yari ko ya riƙa kawo labarin abokan harkarsa. Ladansa kuɗi ne wani lokaci, amma mafi yawa sassauci ne a kan laifinsa.

Ba na ganin aibu a ɓoye sunansa. Ɗan sanda da kakinsa ba zai san inda aka kai babur ɗin da aka sace jiya ba sai wani na ciki ya faɗa masa, kuma ranar da aka gane mai faɗar, ransa na cikin haɗari. A garin Wahpeton na jihar Dakota ta Arewa a Amurka, wani ɗalibi da aka kama da sayar da wiwi ɗan kaɗan ya amince ya yi wa jami'ai wannan aiki. A 2014 aka tsinci gawarsa a kogi da harbi a ka. A 2017 jihar ta yi doka kan yadda za a riƙa amfani da irinsa.

Ɓarnar tana farawa ne lokacin da rufin asirin ya tashi daga sunan mutum ya koma kan laifinsa. James Bulger, shugaban gungun miyagu a birnin Boston na Amurka, ya zama infoman FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta ƙasar, a 1975. Tsohon jami'in da ya kula da shi, John Connolly, shi ya tsegunta masa a ƙarshen 1994 cewa za a kama shi, ya gudu. Sai 2011 aka cafke shi, kuma a 2013 kotu ta same shi da hannu a kisan mutum 11. Shi ma Connolly ya sha ɗauri. Shekara da shekaru ana kashe mutane, hukuma na kawar da kai don kar ta rasa mai kawo mata labari.

Wannan a babban birni ke nan. A ƙaramin gari abin ya fi ciwo, domin kowa ya san kowa. An kama wane da safe da kayan sata, kafin magariba yana zaune a majalisa. Wanda ya kai ƙara ba ya buƙatar a yi masa bayani, ya gane cewa mutumin yana da uwa a gindin murhu, kuma gobe ba zai sake taka ofishin 'yan sanda ba. Daga nan mutane ke fara ɗaukar doka a hannunsu, wanda shi ma wani bala'in ne.

Akwai kuma ɗaya fuskar. Infoman da aka matsa wa ya kawo sunaye zai kawo ko da na ƙarya ne. A Nuwamban 2000, a garin Hearne na jihar Texas, wanda mutanensa ba su kai 5,000 ba, an kama fiye da mutum 20 kan zargin sayar da ƙwaya, kusan dukkansu baƙar fata, bisa maganar mutum guda da shi kansa yake da tuhuma a wuyansa. Da maganarsa ta rushe a kotu aka janye tuhumar mafi yawansu, amma wasu sun riga sun amsa laifi don tsoron doguwar ɗauri. A 2001 Texas ta yi dokar da ta hana ɗaure mutum a shari'ar ƙwaya da maganar infoma kaɗai, sai an samu wata hujjar da ta ƙarfafa ta.

Abin da ya kamata a nema daga hukuma a fili yake. Alaƙar kada ta zama ta jami'i ɗaya da yaronsa. A rubuta ta, wani babba ya san da ita. Sassaucin da za a yi masa ya bi ta hannun mai gabatar da ƙara da alƙali. Idan kuwa ya sake sata ko ya zubar da jini, a gurfanar da shi kamar kowa, wanda ya cuta ya samu haƙƙinsa, jami'in da ya rufa masa asiri ya amsa tambayoyi.