Ma'anar bokis set: akwatin faya-fayan da ke tattara rayuwar ƙungiyar mawaƙan soul

Bokis set shi ne tarin faya-fayai, yawanci daga uku zuwa sama, da kamfani ke haɗawa cikin akwati ɗaya tare da ɗan littafi, ya sayar da su a matsayin kaya guda. Idan aka ce akwatin ya game rayuwar ƙungiyar mawaƙan soul, wato salon waƙar baƙaƙen fatan Amurka, gaba ɗaya, ana nufin ya faro daga faifansu na farko, tun ba a san su ba, ya ratsa shekarun tashe, ya kai ga aikinsu na ƙarshe. Ya bambanta da faifan zaɓaɓɓun waƙoƙi, wanda ke ɗaukar goma sha biyar ko ashirin da suka fi ciniki ya tsaya nan. Ya kuma bambanta da akwatin da ke jera albam-albam yadda suka fito, kamar na ƙungiyar Isley Brothers da aka fitar a 2015 mai faifai 23.

Yawan faifai ba shi ne ma'auni ba. Abu biyu ake dubawa: ko akwatin ya iya tsallake iyakar kamfanoni, da kuma daga wane tef aka kwaso sautin.

A ɗauki Four Tops, don babu ƙungiyar da ta fi su nuna wahalar aikin. Mutum huɗu ne 'yan Detroit a Amurka: Levi Stubbs, Abdul Fakir da ake kira Duke, Renaldo Benson da ake kira Obie, sai Lawrence Payton. Sun haɗu a 1953 da sunan Four Aims, kuma ba a sauya ko mutum ɗaya a cikinsu ba har Payton ya rasu a 1997. Amma sun sha sauya gida. A 1956 sun yi faifai da kamfanin Chess, daga baya Columbia da Riverside, duk ba su samu kasuwa ba. A 1963 suka shiga Motown ta Berry Gordy, inda Brian Holland da Lamont Dozier da Eddie Holland suka rubuta musu waƙoƙin da suka hau matsayi na ɗaya a 1965 da 1966. Da Motown ta kwashe ta koma Los Angeles a 1972, su suka zauna a Detroit, suka sa hannu da ABC/Dunhill. A 1981 suna Casablanca, a 1983 sun dawo Motown, a 1988 suna Arista.

Kowane kamfani a cikin waɗannan shi ke da mallakin tef ɗin da aka naɗa a ƙarƙashinsa, ba mawaƙan ba. Wanda zai haɗa akwati dole ya nemi izini gida-gida, ya biya kuɗin hayar kowace waƙa, kuma mai tef yana iya ƙayyade masa yawan da zai ba shi ko ya hana gaba ɗaya. Shi ya sa shekaru da yawa mai sayen faifan Four Tops yake samun Motown zalla ko ABC zalla, kamar ƙungiyoyi biyu ne daban. Cinikin kamfanoni ne ya warware ƙullin. MCA ta sayi ABC a 1979, ta kuma mallaki kayan Chess a tsakiyar shekarun 1980. PolyGram, wadda Casablanca ke hannunta, ta sayi Motown a 1993. A ƙarshen shekarun 1990 aka haɗe ɓangarorin biyu ƙarƙashin Universal. Bayan nan ne akwatin Fourever ya fito a 2001 daga Hip-O, wani reshen Universal, faifai huɗu, yana tafiya daga wannan gida zuwa wancan ba tare da rami a tsakiya ba. Su kuwa Spinners, wata ƙungiyar soul da aikinsu ya rabu tsakanin Motown da Atlantic, akwatinsu The Chrome Collection na Rhino a 2003 sai da aka nemo izinin kayan Motown daga waje, domin Rhino da Atlantic gida ɗaya ne, Motown kuma na wani. Don haka kafin ka biya kuɗi, juya bayan akwatin ka karanta ƙananan rubutun da ke nuna shekara da mai mallakar kowace waƙa. In ka ga kamfani ɗaya daga sama har ƙasa, alhali ƙungiyar ta zauna a gidaje huɗu, to babi ɗaya aka sayar maka da sunan littafi.

Lissafin wuri ma yana da tsauri. Faifan sidi ɗaya ba ya wuce kamar minti 80. Waƙoƙin soul na shekarun 1960 minti biyu da rabi ne zuwa uku, saboda haka faifai yana iya cin 26 zuwa 32. Da an shiga shekarun 1970 sai waƙoƙi su yi tsawo, faifan ya koma cin goma sha biyar zuwa ashirin. Faifai huɗu ke nan awa biyar da 'yan mintoci, ga ƙungiyar da albam ɗinta suka haura ashirin. Dole a bar wasu, kuma a nan ake gane gwanin mai tsarawa. Akwatin Temptations, wata ƙungiyar Motown, mai suna Emperors of Soul, faifai biyar a 1994, ya fuskanci wannan sosai, domin zamanin da Norman Whitfield ke musu furodusa akwai waƙar 1972 da ta kusa minti 12 a albam, a ƙaramin faifai kuma ba ta cika minti 7 ba. Wacce za a sa? Doguwar ita ce cikakken aikin, gajeruwar ita mutane suka ji a rediyo. Akwati mai kyau yana faɗa maka wacce ya zaɓa.

Wannan ya kawo mu ga batun da ya fi raba kan masu tara faya-fayai, wato mono da sitiriyo. A shekarun 1960 kasuwar soul kasuwar ƙaramin faifai ce, mai inci bakwai da ke juyi 45 a minti, waƙa ɗaya a gaba ɗaya a baya. A mono ake haɗa sautinsa, komai ta kafa ɗaya, saboda rediyon mota da ƙaramar rediyon hannu aka nufa. A Motown wannan haɗin ne ake kashe wa lokaci, a yi shi sau da yawa, a gwada a ƙaramin lasifika, a kai shi taron tantancewa na ranar Juma'a kafin a yarda ya fita. Haɗin sitiriyo na albam sau da yawa daga baya ake yin sa, ba da irin wannan kulawa ba. In ka saurari su biyun a jere za ka ji bambancin da kunnenka: a mono ganga da bes, wato jita mai kaurin sauti, da tambari mai ƙararrawa suna dunƙule a tsakiya suna bugun ƙirji, muryar Stubbs na bisa su. A sitiriyo sai ka tarar da kiɗa ya koma kunnen hagu, 'yan amshi a dama, ƙarfin ya watse. Wani lokaci ma tsawon ya bambanta, ko wata murya ko tafi da ke cikin ɗaya babu shi a ɗayan. A ganina, ga duk abin da aka naɗa kafin wajen 1968, akwatin da ya bi mono na ƙaramin faifai shi ya fi gaskiya. Jerin The Complete Motown Singles da Hip-O Select ta fitar daga 2005 zuwa 2013, wanda ya ƙunshi 1959 zuwa 1972, wannan hanya ya bi, gaba da bayan kowane faifai. Abin gudu shi ne sitiriyon bogi, inda aka ɗauki mono aka tura ƙananan sauti gefe guda manya gefe guda, aka ƙara amsa-kuwwa. Yana fita kamar ana waƙa cikin rijiya.

Sai asalin tef. Akwai tef mai layuka da yawa da aka naɗa a sitidiyo, layi uku a farkon zamanin Motown, daga baya takwas, sannan sha shida. Daga shi ake haɗa uwar tef, wadda da ita aka yanka faifai. Daga uwar kuma aka yi ta kwafa ana aika wa masana'antu da ƙasashen waje, kuma kowace kwafa tana ƙara shuu tana rage kaifin sauti. Rimasta na nufin a koma ga uwar, a kunna ta a na'urar da aka daidaita kanta da gudunta, a mayar da sautin na kwamfuta, a gyara daidaito kaɗan. Rimis kuwa komawa ne ga mai layuka a sake haɗawa, wanda sabon abu ne ko da ya yi daɗi, kuma ya kamata a rubuta haka a fili.

Tef yana lalacewa ta hanya biyu. Wasu na shekarun 1970 da 1980 gam ɗin da ke riƙe garin maganaɗisun yana shan danshi, ya yi danƙo, in aka kunna ya kankare a kan na'ura. Maganinsa a gasa shi a zafi kaɗan, wajen digiri 50 zuwa 55, na awoyi da yawa, sannan a kwafe cikin 'yan kwanaki kafin ya koma. Tsofaffin na asitet, wani nau'in roba, na shekarun 1950 da 1960 ba a gasa su, zafi kashe su yake yi. Su tsukewa suke yi suna warin tsami, mahaɗansu na ɓallewa. Wasu kuma wuta ta ci: gobarar ma'ajiyar Atlantic a Long Branch a 1978, da ta ma'ajiyar Universal a Hollywood ranar 1 ga Yuni 2008, wadda ta shafi kayan Chess da ABC da sauransu. Inda tef ya ɓace, sai a nemi faifai mai tsabta a wurin masu tarawa a kwafa daga allura. Ba laifi ba ne, muddin an faɗa.

Kurakuran injiniya guda biyu ne suka fi yawa. Na farko wuce gona da iri wajen goge shuu, har numfashin mawaƙi da wutsiyar kuge su tafi tare da shi, murya ta koma kamar an rufe ta da bargo. Na biyu matse sauti don ya yi ƙara, abin da ya yawaita daga ƙarshen shekarun 1990, inda wurin sanyi da wurin tashi suke zama ɗaya. Ƙungiyar muryoyi ta fi kowa cutuwa da wannan, don daɗinta yana cikin tazarar da ke tsakanin jagora da 'yan amshi.

Ɗan littafin da ke ciki rabin darajar akwatin ne. Na kirki yana ba da ranar naɗi, furodusa, lambar faifai, matsayin da waƙa ta kai a jadawalin mujallar Billboard, da wanda ya ja baki a kowace waƙa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ga Temptations, inda David Ruffin ya fita a 1968 Dennis Edwards ya maye gurbinsa, Eddie Kendricks kuma ya tafi a 1971. A nan ne kuma ake biyan bashin mutanen da ba a sa sunansu a faya-fayan asali ba: makaɗan Funk Brothers irin su James Jamerson mai bes da Benny Benjamin mai ganga, da mata uku na Andantes waɗanda muryoyinsu ke saman amshin Four Tops. Waƙoƙin da ba a taɓa fitarwa ba su ne ƙugiyar talla, amma ba duka suka cancanta ba. Wasu taska ne, kamar aikin jaz da Four Tops suka fara yi wa Motown aka ajiye shi sai 1999. Wasu kuwa an ajiye su ne don ba su kai ba.

Akwai akwatunan araha da ya kamata a yi hattara da su. A Turai, sautin da aka fitar kafin 1963 ya fita daga kariyar haƙƙin mallaka ta shekara 50 kafin a ƙara wa'adin zuwa 70 a 2013, don haka kowa na iya kwafarsa daga tsohon faifai ya zuba a kwali. Za ka gane su da tsayawa cak a 1962. Wasu kuma sabon naɗi ne da ragowar 'yan ƙungiya suka sake yi bayan shekaru ashirin ko talatin, an sa hoton ƙuruciyarsu a gaba, an ɓoye bayanin cikin ƙaramin rubutu.

In na hannu za ka saya, ƙirga faya-fayan, tabbatar littafin na nan, ka ɗaga kowane faifai ga haske ka duba ƙananan huji ko launin tagulla a gefensa, alamar ruɓewar da ta kama wasu sidi da aka buga a Ingila tsakanin 1988 da 1993. Soson da ake sakawa cikin tsofaffin akwatuna yana narkewa ya manne wa faifai, cire shi ka yar. A ƙasarmu ta zafi da ƙurar hunturu, ajiye akwatin a tsaye cikin kabad nesa da taga da rufin kwano, kada a bar shi a mota, musamman in na garmaho ne, don rana ɗaya ta isa ta lanƙwasa shi. Goge sidi daga tsakiya zuwa baki da tsumma mai laushi, ba a zagaye ba, sannan ka kwafe shi a kwamfuta a tsarin FLAC wanda ba ya rage komai daga sautin.