Yini ɗaya a Malanbil da iyali: ga amsoshin, a bar bugo mini waya da dare

Tun da aka ji ƙanena na da jirgin ruwa mai inji a Dole Kaina ta jihar Kebbi, wayata ba ta huta ba. Tambayoyin kan zuwa kasuwar Malanbil iri ɗaya ne kullum.

Malanbil Nijar ce ko Benin?

Benin. Gaya ce Nijar, tana tsallaken kogi.

Garin malamai ne?

A'a. Sunan wani gwamnan Faransa ne a Dahomey (tsohon sunan Benin), Malan.

Za mu iya kwana a kasuwa mu taso da dare?

Da yara? Haba malam. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa a Najeriya ta hana tafiyar dare a ruwa, kuma ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra ta Ngaski a Mayun 2021 ba. Zuwa hawa ne, ruwa na ture jirgi, shi ya sa ake sammako. Dawowa gangara ce. In an yi la'asar ku kasance a bakin ruwa. Rigar ruwa kuma a jiki ake sa ta, ba matashin kai ba ce.

Naira na ci?

Wasu na karɓa, amma da farashin da suka ga dama. Canza sefa kafin ka shiga kasuwa. Kuma ka koyi lissafi: dala ɗaya sefa 5 ce, jika sefa 1,000. Wata hajiya ta ji an ce tabarma jika biyu, ta zaro naira 400 tana murna ta samu banza. Har yau jikokinta na tsokanarta.

Wace takarda za mu riƙe, kuma za mu iya leƙa Gaya?

Nan ne fa sai a hankali. A ƙa'ida, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Benin ba biza har kwana 90, da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS. Ƙa'ida ke nan. A bakin ruwa kuwa ya danganta da wanda ka tarar. Wani jami'in ya dubi katin ɗan ƙasa ya ce wuce, wani ya nemi katin allurar shawara na kowa har na goye. To ka riƙe duka: fasfo in akwai, katin rigakafi, takardar haihuwar yara. In yaron ba naka ba ne, ɗan ƙanwa ne ko almajiri, ka karɓi rubutaccen izinin iyayensa, domin ana sa ido sosai kan safarar yara, kuma "ai ɗana ne" ba ta fid da kowa.

Gaya kuwa, ni dai ba na ba mai iyali shawara. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka toshe gadar da ta haɗa garuruwan biyu, mutane suka koma kwalekwale, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ana haurawa, ban ce ba a yi ba. Amma abin da ya yiwu jiya ba lalle ya yiwu yau ba. Tambayi direban jirginku da safen ranar, kada ka tambayi wanda ya je bara.

Ba ma jin Faransanci.

Kwantar da hankalinka, Inna. Dandanci da Zabarmanci da Hausa ke tafiyar da kasuwar. Masallaci ko'ina, agogonsu ma ɗaya da namu.

Yara fa?

Hannunsu a naka. Kasuwar cike take da amalanke da buhunan albasa. Rubuta sunan mai jirgi a takarda ka sa wa kowane yaro a aljihu.

In sayo shinkafa buhu nawa?

Wannan tsakaninka da kwastan ne. Kada ka kira ni.