Ma'anar "juri rig" a bakin matuƙan jirgin filafili

Juri rig kalma ce ta matuƙan jirgin ruwa masu jin Turanci. Ma'anarta gyaran wucin gadi da ake yi wa jirgi a tsakiyar teku da abin da ke cikinsa kawai, idan filafili (babban ƙyallen da iska ke bugawa ta tura jirgi) ya yage, ko jigo (dogon sandan da ake ɗaura filafili a jikinsa) ya karye, ko igiya ta tsinke. Ba don jirgi ya dawo yadda yake ake yin sa ba. Ana so ne ya lallaɓa ya kai gaɓa.

Yawanci matsalar ƙarama take farawa. Masu tsallaka Tekun Atlantika a gangamin jiragen filafili da ake kira ARC, wanda tun 1986 ke tashi daga tsibiran Kanari zuwa yankin Karibiyan, sukan yi kusan mako uku iska na bugun su ta baya. Dare da rana filafili na gugar waya da ƙarfe har ɗinki ya saki, sai guguwa ta zo cikin dare ta ƙarasa shi. Nan sai a sauke shi, a ɗauko allura da zare mai kauri da faci mai gam, a zauna ɗinki jirgi na tangaɗi. Idan jigon ne ya faɗi, abu na farko shi ne a yanke wayoyin ƙarfen da ke riƙe da shi kada guntun ya huda jikin jirgi, sannan a tsayar da wani sanda a ɗaura masa ɗan ƙaramin filafili.

Wanda ake yawan ba da labarinsa shi ne Bafaranshen nan Yves Parlier. A tseren Vendée Globe na 2000, inda mutum ɗaya ke zagaya duniya shi kaɗai ba tare da taimakon kowa ba, jigonsa ya karye a Tekun Indiya. Ya lallaɓa har gefen tsibirin Stewart na New Zealand, ya haɗa guntayen ya tsayar da jigo mai tsawon mita 18 da hannunsa. Guzuri ya yi ƙasa, ya koma cin ciyawar teku da kifi. Ya iso Faransa bayan kwana 126, a matsayi na 13, alhali na farko ya gama a kwana 93. Duk da haka jama'a suka cika tashar don tarbarsa.

Shi Parlier da kansa kawai yake fama. A ganina, inda ake da mutum huɗu ko biyar a ɗan ɗaki ɗaya cikin jirgi, ɗinkin filafili shi ne mai sauƙin. Gudu ya ragu, kwanakin tafiya sun ƙaru, ruwan sha an koma awo, kowa barcinsa gutsi-gutsi saboda gadin awa uku ko huɗu da ake karɓa-karɓa. A irin wannan hali cokalin da ba a wanke ba ma sai ya jawo faɗa. Shi ya sa gogaggen kyaftin ba ya ɓoye lissafi: yakan tara mutanensa ya faɗi mil nawa ya rage, kwana nawa zai ci, ruwa lita nawa ke cikin tanki. Sannan ya ba kowa aiki, wannan ɗinki, wancan tuƙi, har mai jiri a ba shi fitila ya riƙe. Kuma komai tsananin rana, ba a fasa dafa abinci mai zafi a ci tare kafin duhu.